Yadda Gwanki Ya Yi Murabus

Kowace safiya, kafin in ɗaga ƙyauren shago, sai na kwance manet biyu ko uku, wato abin nan da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasa da shi. In warware ƙusoshinta da ɗan turnabis, in fidda robar da ke ƙarƙashin maɓallai, in goge da auduga da alkol. Zufar hannu ce ke kashe manet, ita da man ƙosai. Mutum zai ci ƙosai a bakin tasha, ya shafa hannu a wando, ya zo ya kama mani kaya. In baƙin da ke jikin robar ya cinye, babu inda za ka samu sabuwa a duk Tasawa. Sai in yanko takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, in liƙa ɗan ƙanƙane daidai wurin, maɓalli ya dawo aiki.

Ku da kuka tashi da wasa cikin salula, gani kuke mai gidan wasan bidiyo zama kawai yake yi yana karɓar kuɗi. Ni sunana Lawali, ana ce mani Lawali mai tele, kuma ban fara da zama ba. A Maraɗi na yi koyo, wurin maigidana Ɗan Jimma mai gyaran rediyo. Na daɗe ba ya bari in taɓa rediyon mutane. Aikina hura gawayi ne, in gasa ƙarfen da ake narka dalma da shi, in miƙa mashi. Abin da ya fara koya mani shi ne in sunsuna kaya kafin in buɗe, don abin da ya ƙone yana da warinshi, wanda ruwa ya shiga ma yana da nashi. Da na dawo gida na yi gyaran rediyo, na yi nunin fim, sannan wani ɗan kasuwa mai kawo kayan hannu daga Kwatano ya sayar mani da injin wasa guda biyu da tarin faifai.

Injin wasa ba ya son zafi, Tasawa kuwa kun san ta a watan bazara. Kan bulo biyu nake ɗora shi don iska ta ratsa ta ƙasa, in kafa mashi fanka tashi shi kaɗai, mu mutane mu sha zufa. Faifan da ya karce, man goge haƙori nake shafa mashi daga tsakiya zuwa baki, in wanke, in shanya a inuwa. Kuran, wato wutar gari, ba ta da amana, shi ya sa na sayi ƙaramin gurup, wato janareta, na ajiye bayan shago. Duk wannan kafin abokin ciniki na farko ya yi sallama.

Wasan ƙwallo shi ke ciyar da gida. Mutum biyu su zauna, su buga, a tashi, wasu su zauna, ba abin da ya rage. Amma akwai wani faifai da ya zo cikin tarin, babu kwali, rubutunshi duk Faransanci. Na ajiye shi gefe har ranar da Mushe Abdu, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke zuwa shan shayi ƙofar shagona, ya ce in sa mu gani. Shi ya riƙa karanta mamu yana fassarawa. Wani gari ne mai ganuwa, a tsakiyarshi akwai rami mai zurfi hawa-hawa, cike da dodanni. Kai za ka ƙirƙiri naka jarumi a zauren mayaƙa, ka zaɓi ko mai takobi ne, ko maharbi, ko mai magani, ka raɗa mashi suna, ka sauka da shi ramin. Duk abin da ya kashe ƙarfinshi na ƙaruwa, duk abin da ya tsinta nashi ne. Mu dai Rami muke ce ma wasan.

Masu buga Rami ba irin masu ƙwallo ba ne. Manya ne masu haƙuri: ƴan kabu-kabu masu jiran fasinja, wani mahauci, wani tela, da Mushe Abdu kanshi. Mutum zai yi wata da watanni yana renon jarumi guda. Kuma duk jaruman nan a wuri ɗaya suke kwana, cikin kart memuwar, ɗan abu da bai kai kwalin ashana ba, wanda ake cusawa gaban injin. Garin gaba ɗaya a cikinta yake, da gurabe ƴan kaɗan na jarumai. In ka sayi wata kart, wani gari ne dabam babu kowa ciki, ba kuma mai son ya zauna garin da babu abokanshi. Da na gane haka sai na ɗinka mata ɗan gidan fata, in na rufe shago tana aljihuna.

Dokokina biyu ne. Ba a ɗaukar jarumin wani a shiga rami da shi sai da izinin mai shi, don in ya mutu can ƙasa kayanshi sun tafi. Ba a kuma shafe jarumi sai mai shi ya faɗa da bakinshi. Na taɓa korar mahaucin nan na wani lokaci saboda ya ari maharbin tela ba da sani ba, ya dawo da shi babu baka.

Wanda ya fi kowa nisa a ramin shi ne Zabairu, ɗan kabu-kabu mutumin Korgom. Mai takobi ya yi, ya sa mashi suna Gwanki. Zabairu ba ya gaggawa. In ya ga jinin jaruminshi ya yi ƙasa, juyowa yake ya hau gari, ko da dukiya na gabanshi, ana mashi dariya ana ce mashi matsoraci. Su masu dariyar sun binne jarumai da yawa, Gwanki bai taɓa faɗuwa ba. A wani hawa da ba wanda ya taɓa kaiwa ya samo takobi mai shuɗin haske, ranar har masu ƙwallo suka bar tele ɗinsu suka zo kallo.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke, hatsi na cikin fidda kai, aka girbe kara. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun faɗi, daga Korgom har Kanambakashe. Muna cikin haka muka ji rediyo ta koma kiɗan soja, aka ce sun karɓi mulki a Yamai. Mu a nan abin da ya dame mu kuɗin tiyar hatsi ne, da na esansi, wato fetur. Ba mai hawa kabu-kabu, kowa ƙafa. Samari suka fara fita, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya. Na kashe tele guda, na rage kunna gurup, akwai ranakun da ba na ganin kowa sai Mushe Abdu.

Zabairu ya sayar da motonshi, wato babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya yi kuɗin hanya. Ya biyo ta shago da jakarshi a kafaɗa, bai zauna ba, ya ce in nuna mashi Gwanki. Na kunna. Ya duba kayanshi ɗaya bayan ɗaya, ya maido shi zaure.

Ya ce, "Lawali, Libiya za ni. Kada ka shafe shi, kada kuma ka ba kowa shi."

Na ce, "Na ji."

Waɗanda suka rage da ɗan abin kashewa a lokacin su ne masu albashi, da direbobin motocin rabon abinci, da sojojin da aka turo garin. Cikin sojojin akwai wani Sarzan Hamani, mutumin yamma, dogo, ba ya ɗaga murya. Ya ga Rami ya so shi. Sai dai gurabe sun cika da jaruman mutanen da suka tafi, kuma shi ba ya son ya fara daga sanda da tsumma. Ya bi jerin sunaye ya tsaya kan Gwanki.

Ya ce, "Wannan nake so."

Na ce, "Shef, yana da mai shi."

"Ina yake?"

"Ya tafi ci-rani."

"To ai ba ya nan."

Na ce ba ya nan, amma maganarshi na nan. Ya dube ni ya ɗan jima. A zamanin nan mai kaki in ya ce a rufe shago, rufewa ake, ba mai tambayar dalili. Shi dai ya buga ƙwallo ya tafi. Amma duk zuwan da zai yi sai ya sake tambaya, ni kuma in sake ba shi amsa ɗaya, ina lura da fuskarshi.

Mushe Abdu ne ya gano ɗaya hanyar. Akwai wani layi a zauren mayaƙa da duk muke tsallakewa don tsoron kada shafewa ne. Ya zauna ya karanta bayanin a hankali, ya ce murabus ne. Jarumin da ya yi murabus yana barin jeri, gurbinshi ya buɗe, amma ba ya ɓacewa. Gida ake ba shi cikin garin, ya zama malami. Duk sabon jarumin da aka ƙirƙira a ƙofarshi yana tashi da wani kaso na ƙarfinshi, na farko kuma ya gaji makaminshi. Abu ɗaya ne, ba a komawa. Wanda ya yi murabus ba zai sake sauka rami ba har abada. Mushe ya gwada da nashi mai maganin, muka ga gaskiya ne. Daga nan na samu sabon aiki cikin aikina: in nemi lambar wanda ya tafi, in kira shi a Kano ko Agadas, in yi mashi bayani, in ya yarda in yi ma jaruminshi murabus in ba wani gurbin. Wasu sun yarda, wasu sun ce in bar masu kayansu. Zabairu kam babu lamba, babu labari.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina goge faifai, wani dattijo ya yi sallama, da wata mace a bayanshi ta tsaya bakin ƙofa. Ya ce shi ne Malam Haruna na Korgom, uban Zabairu, wannan kuma Balki ce matar Zabairu. A amalanken maƙwabci suka zo. Na ba shi benci, na kawo ruwa.

Ya ce, "Ɗana, tun da yaron nan ya tafi ba mu ji ɗuriyarshi ba. Gida babu komai, ganye ake dafawa. Ita wannan ta ce ya gaya mata ya bar ajiya wurinka, abu mai daraja. Mun daure mun daure, yau dai muka ce a zo a karɓa a sayar."

Balki ta ce daga bakin ƙofa, "Cewa ya yi duk Tasawa babu mai irinshi."

Ban san ta inda zan fara ba, sai na kunna tele kawai. Na fiddo Gwanki ya tsaya tsakiyar allo da takobinshi. Na ce, "Baba, ga ajiyar."

Dattijon ya matso, ya duba gaban tele, ya leƙa bayanta. Ya ce, "Telen ce tashi?"

Na ce a'a, mutumin da ke ciki ne nashi. Na yi bayani iyakar iyawata. Ya saurara har na gama, bai yi faɗa ba, ya dai ɗauki sandarshi ya ɗora kan gwiwa. Balki ta juya baya tana kallon hanya.

Na ce su jira ni. Na bar shagon hannun Mushe Abdu, na tafi inda sojoji ke zama ƙarƙashin wata bishiya kusa da kasuwa, na samu Sarzan Hamani. Na ce mashi ba zan ba shi Gwanki ba, wannan na nan yadda yake, amma in uban mai shi ya yarda za a yi mashi murabus, shi Sarzan ya zama magajin farko, da ƙarfi da takobin. Ya ce shi ba gado yake so ba, Gwankin yake so. Na ce ya zo ya ga mutanen tukuna.

Ya zo. Ya gaida dattijon da hannu biyu, ya tambaye shi garinsu da yawan bakin da ke gidan. Malam Haruna ya faɗa mashi. Sarzan ya juyo gare ni ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Ba kuɗi ba, Shef. Buhun hatsi."

Ya ce, "Buhu, don hoto?"

Na ce, "Kai ka san abin da ke cikin hoton, tun yaushe kake bin shi."

Ya yi ƴar dariya, ya ce a yi.

Na koma kan dattijon, don ban so ya yarda da abin da bai gane ba. Na gaya mashi kalmomin ɗanshi yadda ya faɗe su. Na ce wannan ba shafewa ba ne, ba kuma bayarwa ba ne, amma in Zabairu ya dawo ba zai sake fita yaƙi da shi ba, sai dai ya je ya gan shi a ƙofar gida.

Ya ce, "Wato ya tsufa ke nan."

Na ce, "Kamar haka, Baba."

Ya dubi Balki. Ta ce, "In ya dawo ni zan gaya mashi." Dattijon ya ce a yi.

Murabus ba aikin da ake yi kan kuran ba ne. In wuta ta ɗauke lokacin da injin ke rubutu cikin kart, garin duka ya lalace, da na kowa da kowa. Na zuba ma gurup sauran esansin da nake ɓoyo, na tada shi, na bari muryarshi ta daidaita, na kashe fanka da ɗaya telen don kada su ja wuta. Na cire kart na hura bakinta na mayar. Na shiga zaure, na kai kan layin. Wasan na tambaya sau biyu, Mushe Abdu na karantawa da ƙarfi yana fassarawa. Da aka zo tambayar ƙarshe na miƙa ma Malam Haruna manet, na ɗora babban yatsanshi kan maɓallin, don ba nawa ba ne da zan danna. Yatsan duk kaushi, ya danna da ƙarfi kamar mai dasa iri, har robar ta maƙale. Amma ya shiga.

Allo ya yi duhu, ya dawo. Muka zagaya cikin garin muka samu Gwanki a wata ƙofa kusa da rijiya, ba sulke, an yi mashi furfura a gemu. Dattijon ya ce, "Ga shi kuwa ya samu gida." Sarzan ya ƙirƙiri nashi a wannan ƙofar, ya sa mashi sunanshi, ya karɓi takobin. Kafin la'asar wani ƙaramin soja ya kawo buhun a kan moto, muka ɗora shi kan amalanke, na lulluɓe da tsohuwar tabarma don kada ido ya bi su a hanya.

Buhu guda ba ya kai gida damina, kada ku ɗauka wani abin al'ajabi ne ya faru. Ya dai riƙe su har rabon abinci ya iso Korgom. Ni kuma shagona bai rufe ba, saboda Sarzan ya jawo abokanshi, kowa na son ya fara a ƙofar Gwanki. Da sojoji suka mayar da mulki aka ɗauke su daga garin, Sarzan Hamani ya zo da kanshi ya yi ma nashi jarumin murabus kafin ya tafi, ya ce kada ya tare ma wani wuri. Aka ba nashi gida a layi ɗaya da Gwanki, takobin na rataye a ƙofarshi yana jiran magaji. Na hana kowa ɗauka.

Da yaƙi ya tashi a Libiya mutanenmu suka riƙa dawowa cikin manyan motoci ta Agadas, wasu da katifa, wasu da rigar jikinsu. Zabairu na cikin na biyun. Ya kwana biyu a Korgom kafin ya shigo Tasawa. Ya rame ƙwarai, ya yi baƙi. Muka gaisa, na tambaye shi hanya, ya ce hanya ta yi kyau tunda ga shi. Ban ja maganar ba.

Ya ce, "Balki ta gaya mani."

Na ce, "Ban shafe shi ba, ban kuma ba kowa shi ba."

"Na sani. Nuna mani."

Na kunna na ba shi manet. Bai tambayi hanya ba, ya zagaya har ya iso rijiyar. Ya tsaya gaban ƙofar ya daɗe yana kallo. Masu ƙwallo suka rage surutu.

Can ya ce, "Buhu nawa aka ba su?"

Na ce guda.

Ya girgiza kai. "An yi maku wayo. Da ina nan sai biyu."

Na ce akwai gurbi a buɗe, kuma wannan zaman ba sai ya biya ba. Na nuna mashi yadda abin yake: in ya ƙirƙiri sabo a ƙofar sojan, takobinshi zai dawo hannunshi nan take, don na ajiye mashi. In kuwa a ƙofar Gwanki ne, ƙarfi kawai zai samu, babu makami, tunda an riga an gada. Tela ya ce ai wannan ba abin tunani ba ne, ya je ya ɗauki takobinshi.

Zabairu ya kai har ƙofar sojan, ya dubi takobin, ya juyo. Ya ce, "Wancan an biya kuɗinshi, an ci. Ku ba wani."

Ya koma ƙofar Gwanki ya yi sabon jaruminshi a can. Ya gyara zama kan benci, ya goge tafin hannunshi a gwiwa, ya sauka hawa na farko da sanda.